Kafin ka biya kwansaltan ko sisi: yadda za ka gane mai gyara kasuwanci da mai bar maka takarda

Tambayar nan ta ko masu aikin kwansaltan, wato waɗanda ake biya su ba da shawarar gyara kasuwanci, suna ƙara wa kasuwanci wani abu ko kuwa cin kuɗi kawai suke, na ji ta ya fi a ƙirga, kuma ni kaina na yi ta da zafi shekarar da muka biya wani kuɗi masu kauri ya bar mana littafi mai bango mai sheƙi wanda har yanzu yana cikin durowa. Gidan ruwan leda ne na Yayana, ni nake riƙe masa shi, inji biyu, mota biyu, ma'aikata goma sha wani abu. Mun gwada kwansaltan sau biyu, na farko asara, na biyu alheri, to abin da na koya tsakanin biyun shi zan shimfiɗa a nan ga duk wanda yake tunanin ɗauko wani ya duba masa harkarsa.

Fara da kanka tukuna. Kafin ka kira kowa, zauna ka rubuta abin da ke damunka a jimla ɗaya, kuma a jimlar nan dole lamba ta fito. Mu lokacin da muka kira na farkon abin da muka ce masa shi ne "kasuwa ba ta tafiya yadda muke so, a duba mana." To wannan ai ka ba mutum gona ce ba iyaka, ya noma inda ya ga dama ya ce ya gama. Ya zo da laftof da yara biyu masu kwat, suka zagaya gidan ruwan na kamar minti 40, suka zauna da ni da Yaya a ofis suna tambaya muna amsawa, bayan sati uku suka dawo da rahoto. Na karanta shi tsaf wallahi. Kusan duk abin da ke ciki bakinmu ya fito, an dai juye shi da turanci an yi masa zane mai kala, sai shawarwari irin su "a inganta alaƙa da kwastoma" da "a faɗaɗa kasuwa zuwa sababbin unguwanni". Wa bai san wannan ba? Ban ma ga laifinsa sosai ba daga baya, mu ne ba mu san me muke saye ba. Da mun ce "muna sayen rol ɗin leda kilo kaza a wata amma jakar ruwan da ke fita ba ta kai abin da ya kamata ba, ina sauran take tafiya", da ya zama dole ko ya nemo amsa ko ya ce ba zai iya ba.

Kuma idan ka kasa rubuta jimlar saboda ba ka da lambar ma, ba ka san nawa kake kashewa a dizal a wata ba, ba ka san bashin da kake bin dilolinka ba sai dai a ka, to akawu kake buƙata yanzu. Kwansaltan ya jira tukuna.

Akwai binciken da aka yi a nan Najeriya da ya taɓo daidai wannan wajen. Stephen Anderson da David McKenzie na Bankin Duniya sun bi ƙananan kamfanoni 753 a ƙarƙashin GEM, wani shirin gwamnati na tallafa wa kasuwanci, aka kasa su, wasu aka kai su horo a aji, wasu aka haɗa su da kwansaltan, wasu aka tallafa musu suka ɗauki ma'aikacin lissafi ko na talla a cikin gida, wasu kuma aka miƙa aikin ga wani kamfani na waje ya riƙa yi musu. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ɗaukar ma'aikaci da miƙa aiki waje sun fi zaman aji gyara yadda ake tafiyar da kasuwancin, kuma sun yi aƙalla abin da kwansaltan ya yi a kan rabin kuɗinsa. Ni wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Mai shago ba jahilci ne yake hana shi rubuta lissafi ba, lokaci ne babu, shi ne mai saye shi ne mai sayarwa shi ne mai bin bashi shi ne mai zuwa gaisuwar mutuwa, ka zo ka koya masa yadda ake lissafi ka tafi, gobe ya koma yadda yake. Don haka ka auna da kyau, kuɗin da za ka ba kwansaltan na wata biyu wataƙila albashin yaro mai difloma a akanta ne na shekara guda, wanda zai zauna da kai kullum.

To a ce ka auna ka ga lallai idon baƙo kake so. Yaya za ka zaɓa?

Tambayar farko da nake yi yanzu ita ce, ka taɓa kwana a cikin irin wannan sana'ar? Ba ka taɓa ba wa masu ita shawara ba, a'a, ka taɓa yin ta da hannunka? Na biyun da muka ɗauka wani dattijo ne da ya yi shekaru yana manajan sashen sarrafa kaya a wata masana'anta a Sharaɗa kafin ta rufe, ba shi da ofis ba shi da kati, wani abokin Yaya ne ya haɗa mu. Ranar farko ko zama bai yi ba. Ya ce min, "Ɗana, ina sikelinku?" Na ce Baba wane sikeli. Ya ce wanda kuke auna rol da shi idan an kawo. Muka yi shiru. Mu dai mai kawo leda ya ce kilo kaza ne, mu rubuta, mu biya. Ya sa aka aro sikeli a maƙwabta, aka ɗora rol uku, duka ukun ba su cika ba, kuma ashe har da nauyin kwalin tsakiya ake lissafa mana. Daga nan ya ja benci ya zauna gaban injin tun ƙarfe bakwai na safe, ya ajiye buhu a gefe ya ce duk ledar da ta fashe ko ta fita a karkace kada a jefar a kwata, a sa a nan. Kafin azahar buhun ya yi rabi. Ya kira mai kula da injin ya ce ya buɗe wajen da ke ɗinke ledar, ashe tef ɗin da ke kan ƙarfen zafin ya cinye tuntuni, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yaron ya san da haka amma ya ce ya faɗa sau biyu ba a saya ba sai ya daina faɗa. Ni ne wanda aka faɗa wa ɗin. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ka ga bambancin ke nan. Don haka in mutum ya zo, kar ka tsaya kallon fayil ɗinsa, kai shi wajen aikin ka yi shiru ka ga me zai tambaya da kuma wa zai tambaya. Wanda ya nufi direba da mai gadi da yaron sito ya fi min wanda ya nufi kujerar oga. Sannan ka nemi ya ba ka lambar mutum biyu da ya yi wa aiki, ba na bana ba, na shekara biyu ko uku baya, ka kira su ka yi tambaya guda: cikin abin da ya kawo muku me kuke yi har yau? In suka fara "ai mutumin kirki ne, yana da ilimi sosai" ba su iya nuna abu ɗaya ba, ka samu amsarka. In yana da kamfani, duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, minti biyar ne.

Wani zai ce to ai shi ya sa gara a je wa manyan kamfanoni masu suna. Nan ma a yi hattara, suna ba ya hana ɓarna, wani lokacin ma shi ke rufe ta. McKinsey, wanda aka kafa tun 1926 a Chicago kuma ake ganin babu na biyunsa a wannan sana'a, a 2018 sai da ya mayar wa Eskom, kamfanin wutar lantarkin Afirka ta Kudu, rand miliyan 902 saboda kwangilar da aka same ta da matsala, wadda ta haɗa da kamfanin Trillian mai alaƙa da iyalan Gupta, attajiran da aka zarga da juya gwamnatin ƙasar. A Disambar 2024 kuma reshensa na Afirka ya amince zai biya sama da dala miliyan 122 kan binciken cin hanci da ya shafi Eskom da Transnet, kamfanin jiragen ƙasa da tashoshin ruwa na ƙasar. A Amurka, a Fabrairun 2021 McKinsey ya yarda ya biya dala miliyan 573 ga jihohi saboda shawarar da ya ba kamfanin magani na Purdue Pharma kan yadda za su ƙara cinikin ƙwayar kashe zafi ta OxyContin alhali mutane na ta mutuwa da ita. Wato shawarar ta yi aiki fa, ciniki suka nema aka nuna musu hanya, illar ce ta faɗa kan jama'a. Bain kuma, wani babban kamfanin kwansaltan, shi ne ya sake fasalin hukumar harajin Afirka ta Kudu, SARS, zamanin shugabanta Tom Moyane, hukumar da ake yabo a da ta dawo tana tangal-tangal, kwamitin alƙali Nugent ya tona abin a 2018, Bain ya mayar da kuɗin aikin, a 2022 kuma baitulmalin ƙasar ya hana shi kwangilar gwamnati na shekara 10. Ga na baya-bayan nan ma, a 2025 kamfanin Deloitte ya mayar wa gwamnatin Ostireliya wani ɓangare na kuɗin wani rahoto na kusan dalar ƙasar 440,000 bayan an gano littattafan da aka ce an dogara da su wasu babu su a duniya, ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙago su. In gwamnatoci masu lauyoyi da odita an yi musu haka, kai mai gidan burodi a Kurna ka ga sai ka buɗe ido da kyau.

Abin da na tsinta daga labarin SARS musamman, kuma yana faruwa a ƙananan wurare irin namu, shi ne sau da yawa ba don neman gaskiya ake ɗauko kwansaltan ba, oga ya riga ya yanke abin da zai yi, yana son wanda zai sa masa hannu ne. Yana son korar ƙanin matarsa daga sito amma ba ya son rigimar gida, sai a kawo baƙo ya rubuta cewa sashen sito na buƙatar garambawul. In wannan ce niyyarka to ka sani kuɗin fakewa kake biya, kar ka zo daga baya kana cewa ba su ƙara maka komai ba.

Amma kar a ɗauka duk abin bogi ne, akwai hujja mai ƙarfi cewa yana aiki idan an yi shi yadda ya dace. Wasu masana, cikinsu har da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da shi McKenzie ɗin dai, sun yi gwaji a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya, kamfanonin iyali masu ma'aikata 100 zuwa 1000. Aka ɗauko mutanen kamfanin kwansaltan na Accenture, duk masaƙun aka yi musu wata guda na bincike aka ba su shawara, amma wasu kaɗai aka zauna da su ƙarin wata huɗu ana aiwatarwa tare da su. Waɗanda aka zauna da su ɗin abin da suke samarwa gwargwadon ma'aikata da injinan da suke amfani da su ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Kuma in ka ga jerin abubuwa 38 da aka koya musu sai ka yi dariya, rubuta kowane aibi da aka samu a yadi da injin da ya fito daga ciki, jera zare a sito da lamba don a daina sayen abin da ake da shi, share ƙasan masaƙa, duba inji kafin ya lalace. Buhun Baba ne sak, an dai yi shi da girma. A Puebla ta ƙasar Meziko ma an yi makamancin haka da ƙananan kamfanoni 432, wasu aka ba su mai shawara na awa huɗu a sati har shekara guda, shekaru biyar bayan haka an ga sun ƙara ma'aikata da kusan rabi. Abin lura a duka biyun, mutum ne yake dawowa sati bayan sati yana tsaye a kan aikin.

Shi ya sa wajen ciniki nake cewa kada ka sayi rahoto, sayi kwanaki. Ku rubuta a takarda, ko da shafi ɗaya ne, kwana nawa zai zo wajen aikin da ƙafarsa, shi da kansa ko yaransa, domin wannan wayon ya zama ruwan dare, babban ne zai zo neman aikin da furfurarsa da daɗin bakinsa, ana sa hannu sai ka ga an turo maka ɗan bautar ƙasa. Ku rubuta lambar da ake son ta motsa, inda take yau da inda ake fata nan da wata uku, kuma lambar ta yau ku auna ta tare kafin ya taɓa komai, in ba haka ba ranar biya za ku yi ta musu, shi yana cewa an samu ci gaba kai kana cewa ba ka gani ba. Kafin alƙalami kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sauran a raba, wani a tsakiya, wani sai an ga abin a ƙasa. Mu na farkon nan kashi 70 muka ba shi tun kafin ya fara, cinikin biri a sama, to da me za ka riƙe shi?

Sai dai a nan akwai tarko, na kusa faɗawa. In ka ce za ka biya shi gwargwadon kuɗin da ya rage maka na kashewa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce a sallami mutum uku, a daina sabis ɗin janareta a kan lokaci, a koma leda mai araha mara kauri. Wata uku lissafi zai yi kyau, ya karɓi kuɗinsa, wata na shida janareta ya buga kwastomomi su gudu saboda ruwa na fashewa a hannun yara. Don haka ka zaɓi lambar da ba a iya yi mata kwaskwarima, kamar jaka nawa ke fita daga kowane kilo na leda, ko kwana nawa bashi ke yi kafin ya dawo. Haka kuma in ya ce lallai sai ka sayi wata manhaja ko wani inji, kuma ga wanda za ka saya a wajensa, tambaye shi kai tsaye ko yana da kamasho a ciki. Ba haramun ba ne ya samu, amma ka sani, sannan ka je ka ji farashi a wani wajen.

Sirrin kasuwancinka kuma, jerin dilolinka da farashin da kake ba kowa, a rubuta cewa ba zai kai wani waje ba, don mutumin da ya gama da kai gobe yana gidan ruwan da ke bayan layinku.

Ɓangaren da ya fi ba mu wahala ba shi da alaƙa da Baba, namu ne. Ma'aikata suna ganin baƙo da biro da takarda abin da ke zuwa ransu kora ce, sai kowa ya kama bakinsa, direbobinmu ma har sun haɗa baki ba wanda zai faɗi gaskiyar jaka nawa ke fashewa a hanya da nawa ake sayarwa a gefe a ce ta fashe. Sai da Yaya ya tara kowa ya ce ba wanda za a kora a kan abin da ya wuce, kuma ya cika alkawarin, sannan bakuna suka buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, rabin abin da Baba ya gyara yaran nan sun san shi tun da daɗewa, ba a taɓa tambayarsu ba ne, ko an tambaya ba a saurara ba. Kuma ka shirya jin abin da ba ka so, don akwai ranar da ya rufe ƙofar ofis ya ce wa Yaya, "Alhaji, ka yi haƙuri, babbar ɓarakar gidan nan aljihunka ne." Yaya yana ɗiban kuɗi daga ciniki duk sanda buƙata ta taso, cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki, ba a rubutawa. Kwana biyu bai yi wa Baba magana ba. A na uku ya ce a yanka masa albashi kamar kowa.

Sannan ka haɗa shi da mutum ɗaya naka wanda zai bi shi ƙafa da ƙafa ya koyi komai, wanda kake da tabbacin zai daɗe tare da kai. Su masu binciken Indiyan sun koma masaƙun a 2017, kusan shekara tara bayan fara aikin, suka tarar an watsar da kusan rabin abubuwan da aka koya, kuma manyan dalilan biyu ne, manajan da ya koya ya bar aiki, sannan masu kamfanin ba su da lokacin bibiya. Mu ma mun ɗanɗana, yaron da ya fi kowa iya cika littafin awo ya samu aiki a Abuja, wata biyu ba wanda ya ɗora rol a sikeli, sai da na ga jakar da ke fita ta fara raguwa na farga. Yanzu mutum biyu ne suka iya, ni na uku.

Cikin kuɗin da muka yi da Baba na ware kaɗan na ce sai bayan wata shida zai dawo ya yi mana kwana biyu ya ga me ya tsaya me ya zube. Da ya dawo bai shigo ofis ba, ya wuce kai tsaye wajen injin, ya ɗaga buhun fasassun leda ya jijjiga, ya buɗe littafin awo ya bi kwanan wata da yatsa, ya tsaya a wani sati da babu rubutu ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Ɗana, nan fa?" Na ce Baba satin bikin ƙanwata ne. Ya ce to injin ma biki ya tafi?